Yabawa da 'Ya'yan Kandili

Yabawa taubashiyata ce. Ubanta da uwata ciki ɗaya suka fito, shi ya sa tun muna yara take kirana bawanta. Na yi furfura, na ajiye alli bayan shekara talatin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, duk Gure ana ce mini Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, amma ita ba ta fasa ba. Ni kuma ina kiranta Sarauniyar Kashin Awaki, kuma in kun ji labarin za ku ga ban yi mata ƙage ba.

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana aiki a lambun renon itace na wani furoje, wato shirin raya karkara, da ke bayan gari. Aikin furojen shi ne tsare tuddan rairayi kada su binne kwaruruka, inda mutanen ƙauye ke da dabinonsu da rijiyoyinsu. Sai a kafa shinge a kan tudu, a dasa itace a tsakani. In Allah ya sa itacen ya kama, tudun ya zauna wuri ɗaya. Itacen kuwa sai an rene shi a cikin leda tun da bazara, kafin ruwa ya sauka a kwashe a kai ƙauyuka. A takardar biro, wato ofishin furojen, sunan aikin Yabawa mai ban ruwa. Su huɗu ne masu ban ruwan, kuma a takarda babu abin da ya raba ta da sauran ukun.

A lambu kuwa akwai abin da ya raba su. Itacen da ya fi jure rairayinmu shi ne kandili, amma ɗan kandili taurin kai gare shi. Ka shuka goma, ka yi ta ban ruwa har bayanka ya ƙage, biyu su fito. Masu ilimin abin sukan jiƙa irin a ruwan zafi, ko su kankare ɓawon da reza ɗaya bayan ɗaya. Yabawa a gidan kiwo ta tashi, ta san abin da kowace mai akuya ta sani, wato babu inda kandili ke tsirowa kamar makwancin awaki. Akuya ta ci 'ya'yan itacen, cikinta ya tausasa ɓawon, ta kayar da irin da takinsa a jikinsa. Don haka duk ran kasuwa da rani za ka ga Yabawa tana bin makiyayan da suka zo daga wajen Alakos, tana ba su shayi da sukari na aljihunta, su kuma suna kawo mata buhunan kashin awaki. Ta zauna a inuwa da faifai tana murzawa tana tsince irin. Kowace leda ta sa ƙwaya biyu, ta bi da ɗan barbaɗin kashin a kai. In ta shuka goma, takwas sun fito.

Albashin da aka yanka mata ranar da ta fara, shi take karɓa har shekara ta goma sha ɗaya. Shugabanni biyu suka zo suka wuce, ta uku ta zo. Tiyar gero ta ninka kuɗinta. Mijinta Husseini tela ne, idonsa ya fara gajiya, zare ma sai an zura masa a allura. 'Yan matansu biyu suna kolej. Albashin nan, duk ƙanƙantarsa, shi ne tukunyar gidan, kuma kowane ƙarshen wata yana zuwa. Wannan ne ya ɗaure ta.

Kada ku ɗauka ba ta nemi ƙari ba. Ta nema, amma irin neman da aka koya mana. Mu nan ba a buɗe baki a roƙa wa kai abu a gaban babba, sai a aiki wani. Yabawa ta zaɓi Ɗan Talata, tsohon gardin furojen, wato mai gadi, don shi ne mai shiga biro ba tare da an tambaye shi dalili ba. Kowace shekara bayan sallar layya ta kai masa goro, ta ce ya yi mata magana. Ya shiga, ya jima, ya fito ya ce, "An isar. Sun ce sun ji." Wata shekara aka aiko mata da turmin zane. Wata shekara riga mai tambarin furoje, wadda ta yi wa Husseini daidai.

Abin ya daɗe yana ci mini rai. Wata rana na tare Ɗan Talata a bakin masallaci na ce ya faɗa mini abin da yake cewa in ya shiga, kada ya rage komai.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Nakan yi sallama, in tambayi gida, in tambayi gajiya. Sannan in ce Yabawa tana gaisuwa. In ce mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa kuka da abin da ake ba ta ba. In ce irin ta, ko ba a ba ta komi ba, aiki za ta yi."

"To, maganar ƙarin fa?"

"Haba Mushe. A kawo maganar kuɗi ƙiri-ƙiri gaban babba? Ai mai hankali ya gane."

Na rasa ko in yi dariya ko in shaƙe shi. Shekara da shekaru bawan Allah nan yana cin goron Yabawa, yana shiga yana tabbatar wa shugabanni cewa ba ta buƙatar komai, kuma da zuciya ɗaya yake yi. Da na gaya mata, sai ta ce ni ne ban san ladabi ba, lakwal ta ɓata ni.

Abin da ya karya mata zuciya ya faru ne ranar dashen itace, uku ga Agusta. An kafa rumfa a lambun, baƙi sun zo daga Damagaram har da Yamai. Aka yi ta yabon yadda kandilin Gure ke tsirowa, aka ce babu irinsa a sauran wuraren da furojen ke aiki. Sai aka kira Shamsu, matashin injiniyan da aka turo shekara biyu da suka wuce, aka miƙa masa takardar yabo a cikin gilashi. Aka tafa. Mai ɗaukar hoto ya jera manya a gaban layukan leda, ya hango Yabawa a gefe da garwar ban ruwa, zanenta duk laka, ya ce, "Inna, ɗan matsa can." Ta matsa. Ina tsaye ina kallo, kuma na ji zafin abin har cikin raina.

Washegari da hantsi ta zo gidana. Ba ta kira ni bawa ba, nan na san magana ta yi nauyi.

"Mushe, ka rubuta mini takardar barin aiki da Faransanci."

Na ɗauko alƙalami da takarda na rubuta. Layi biyar ne kawai. Na karanta mata da Hausa, ta dangwala hannu, ta ninke ta ɗaure a bakin zane. Sannan ta zauna ta fara lissafa mini dalilan da suka sa ba za ta iya miƙa ta ba: idon Husseini, makarantar yara, shekarunta da suka haura arba'in da biyar, wa zai ɗauke ta. Ta gama, ta koma kan dalilan da suka sa ba za ta iya zama ba. Ta ce yanzu in ta shiga lambun ƙafarta nauyi take yi, ta ce ranar nan ta kama kanta tana zuba wa leda ruwa ba tare da ta duba abin da ke ciki ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi ya fi ba ta tsoro.

Na ce, "Ni dai sharaɗi ɗaya gare ni, tunda alƙalamina ne. Ba za ki ba da takardar nan ba sai kin shiga biro kin faɗi abin da kike so da bakinki."

"Ni? Da bakina?"

"Shi dai wannan da kike zagina da shi kullum. Ai yana aiki."

Wata guda cur takardar tana bakin zane. Ta sha wanki sau ɗaya, na sake rubutawa. Ranar da ta yi shirin shiga, ta aiko a kira ni, ta ce bawa shi ke raka uwargijiyarsa. Na zauna a benci a bakin biro, taga a buɗe, ina jin komai.

Shugabar furojen, Madam Mardiya, 'yar Damagaram ce, ba ta kai Yabawa shekaru ba. Yabawa ta yi gaisuwa har na fara tsoron ita ma hanyar Ɗan Talata za ta bi. Ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi damina. Can na ji muryarta tana rawa.

"Madam, shekara goma sha ɗaya ina nan. Ba a taɓa ƙara mini ko dala ba. Kandilin da aka yaba, ni ke tsirar da shi. Ina son a ƙara mini, kuma ina son a sani."

Madam ta aika a kira Shamsu. Ta tambaye shi a gabanta, bai yi gardama ba. Ya ce gaskiya ne, shi bai taɓa kankare iri ko ɗaya ba, ya zo ya tarar da abin yana tafiya. Madam ta ce to me ya sa bai rubuta a rahoto ba.

Yaron nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, kunya na ji. Rahoton da za a karanta a Yamai, in rubuta kashin awaki? Inna, ki yafe mini."

Ka ji fa. Ita kunya ta hana ta roƙa, ɗan aikenta kunya ta hana shi faɗa, injiniya kunya ta hana shi rubutawa. Akuya kaɗai ce ta yi aikinta ba tare da kunya ba.

Madam Mardiya ba ta yi mata alkawarin banza ba, kuma na ga girmanta a nan. Ta ce za ta sa sunanta a rahoto, wannan yana hannunta. Amma albashi ba ya hannunta. Masu ba da kuɗin furojen sun tsara kowane aiki da abin da ake biyansa, mai ban ruwa iyakarsa ke nan, kuma matakin da ke sama sai mai difloma. Ta ce za ta rubuta musu, amma kada Yabawa ta sa rai.

Na zaci a nan za ta kwance bakin zane. Ba ta kwance ba. Sai ta ce, "To Madam, ina roƙon abu ɗaya da ba na kuɗi ba. In mota za ta fita ƙauye, a ba ni wuri. Ina son in ga inda ake kai su."

Sai a lokacin na gane cewa shekara goma sha ɗaya tana loda leda a mota, motar ta tashi, ita ta koma ta share lambu. Ba ta taɓa ganin ɗayansu ya girma ba. Ni da nake taƙama da sanin ta, ban taɓa tunanin haka ba.

Ran Alhamis muka tafi wani ƙauye a ƙasar Bune. Ita a gaba kusa da Shamsu, ni a bayan motar kat-kat ɗin tare da jarkokin ruwa, kamar yadda ya dace da bawa. Damina ta yi kyau, ciyawa ta rufe rairayi. Da muka hau tudun da ke kan kwarin, sai ta ce a tsaya. Ta sauka. Kandili ne tun daga inda muke har gangare, wasu sun fi raƙumi tsayi, awaki na kwance a inuwarsu. A ƙasa ga dabino, ga rijiya, ga mata suna cirar yakuwa. Yabawa ta kama reshe ɗaya, ƙaya ta soke ta, ba ta saki ba. Kuka take yi, kuma ban tsokane ta ba.

Wani dattijo mai suna Burahima, wanda shi ke jagorantar dashe a ƙauyen, ya hauro ya tarye mu da wushe-wushe, gaisuwar mutanen wajen. Ya san Shamsu, bai san mu ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Cikin hira yake ba mu labarin yadda suke yi in motar furoje ta kawo itace.

Ya ce, "Mu kan duba bakin leda. Wadda muka ga barbaɗin kashin awaki a kanta, ita ake rububi. Har faɗa ake yi. Mun lura tun da daɗewa, masu kashin nan saiwarsu ta fi ƙarfi, ba su cika mutuwa ba. Mukan ce wani babban injiniya ne a Gure ya san sirrin."

Shamsu ya nuna ta da hannu biyu ya ce, "Baba, ga injiniyan."

Tsohon ya dube ta, ya dubi hannuwanta. Ya tashi daga kan buzunsa ya ce sai dai ta dawo kai ta zauna. Ta ƙi, ya nace, ta zauna a gefe-gefe tana rufe fuska da mayafi. Ya ce tudun nan da muke kai, da yanzu yana cikin rijiyarsu. Ya ce akwai wani tudun ta gabas da ke matsowa, abin da furoje ke ba su a shekara ba ya isa, kuma ƙauyukan da ba sa cikin lissafin furoje ba su samun ko ɗaya. "Da ana sayarwa, ɗiyata, da mun saya. Mukan sayar da akuya don abin da bai kai wannan ba."

Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka hango gari ta leƙo ta taga ta ce mini, "Bawa, rijiyar lambun babana, har yanzu da ruwa?" Na ce da ruwa, sai dai tana son yasa.

Ta yi shawara da Husseini kwana uku. Shi ya fi ta tsoro, kuma yana da gaskiya, don wata goma ko fiye za su yi babu ƙarshen wata. Daga baya ya ce in dai leda ce, shi zai riƙa cika mata da ƙasa, wannan ba ya son ido. Ran Litinin ta shiga biro ba tare da ɗan rakiya ba, ta miƙa takardar. Ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya ta nemi gafara, har Ɗan Talata, wanda ya yi ta mamakin yadda mace mai haƙuri irin ta za ta bar aiki. Kafin ta tafi ta zaunar da sauran masu ban ruwan uku da Shamsu, ta nuna musu yadda ake tsince irin da yadda ake gane wanda ya ruɓe. Na ce mata ai ta ba da jarinta kyauta ke nan. Ta ce tuddan ƙasar nan sun fi ƙarfin lambu ɗaya.

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Ta sayar da tumakinta biyu aka yashe rijiya aka sayi leda. Da rani gidan ya koma cin tuwo sau ɗaya. A watan Mayu, bayan tsiro ya fito kore shar, awakin maƙwabta suka fasa shinge suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Na je jaje na ce mata abokan hulɗa ne suka zo karɓar rabonsu, ta bi ni da muciya. Ta sake shukawa. Madam Mardiya ta cika alkawarin rahoto, ta kuma aiko cewa in furoje ya gaza itace bana za su duba wajenta, amma Yabawa ba ta dogara da wannan ba.

Ruwa ya zauna a ƙarshen Yuli. Wata safiya ina lambun ina taya Husseini jera leda, sai ga amalanken shanu biyu sun tsaya a bakin shinge. Burahima ne da mutanensa, sun kwana biyu a hanya. Aka gaisa, aka sha ruwa. Tsohon ya bi layukan yana duƙawa yana taɓa ganye, yana leƙa bakin leda. Ya miƙe ya ce suna son ɗari shida.

"Nawa-nawa ne, ɗiyata?"

Yabawa ta juyo ta dube ni, irin kallon da ke cewa yi mini magana. Na ɗaga kai ina duban hadari. Ta dubi Husseini, shi kuma ya duƙufa kan wata leda kamar ranar ya fara ganin irinta. Babu wanda zai shiga tsakani. Sai ta juya ta fuskanci Burahima.

"Dala ashirin-ashirin, Baba."

Burahima tsohon ɗan kasuwa ne, ba a banza ya yi furfura ba. Ya girgiza kai, ya kawo maganar nisan hanya, da tsadar gero, da zumunci, da yadda ita da su duk abu ɗaya ne. Ya ce dala goma. Ni dai na san ta. Mace ce da in ka yabe ta sai ta ba ka zanen jikinta, ga shi kuma wannan ne cinikinta na farko, gida babu hatsi.

Ta goge hannunta a zane, ta dube shi cikin ladabi, muryarta ba ta yi rawa ba.

"Albarka, Baba."

Tsohon ya dube ta. Sai ya yi dariya, ya juya ya ce wa mutanensa su fara lodi.